Littafin Da Na Kai Musu Da Hannuna

Shafi na 17

Kai ka tona ni, Babana.

Ba maƙwabta ba, ba 'yan wurin aiki ba. Kai, ɗan da na goya har bayana ya yi kanta. Shekara ashirin da huɗu ina riƙe da magana ɗaya a cikina, ko a sujada ban taɓa ɗaga murya da ita ba. Kai ka ɗauke ta ka buga a takarda, ka yi mata bango mai kyau, aka jera a shago ana saye, har aka ba ka lambar yabo a kanta.

Ku kuma masu turo saƙo kuna cewa "Inna a ƙaro, Inna mun ƙagu", ku saurara mini. Ku labari kuke karantawa. Ni tun shekaranjiya ko takun takalmi na ji a matakala sai na miƙe tsaye. Mai Ɗinki, maƙwabciyata da ke danna mini wannan rubutu a waya tunda ni ban yi makaranta ba, ta ce in bari sai hankalina ya kwanta. Na ce mata rubuta kawai. Abin da ake sayarwa cikin harsuna shida, me ya rage da zan ɓoye?

A shafin baya na tsaya inda na dawo daga aiki ranar Litinin na tarar da ambulan mai ruwan ƙasa daga ofishin takardun zama. To ga abin da ya biyo.

Talata da safe na haura wurin Mai Ɗinki kafin in tafi aiki. Tana kan keke tana ɗinke bakin labule, fil uku a bakinta.

"Karanta mini."

"Yaya, ko gaisuwa babu?"

"Ina kwana. Karanta mini."

Ta zare fil ɗin ta soke a hannun rigarta, ta buɗe takardar. Ta karanta a zuci, leɓenta na motsi. Ta kai ƙasa, ta sake komawa sama.

Mai Ɗinki mace ce da ba ta iya shiru ba, ko hamma take yi sai ta haɗa da magana. Da na ga ta yi shiru, na san ba lafiya. Na zauna a kan tulin yadi.

"Sun ce ki zo ranar Alhamis, ƙarfe tara."

"Ai sai baɗi takardata za ta ƙare."

"Ba sabuntawa ba ce, Yaya. Sun ce akwai tambayoyi a kan ko ke wace ce."

"Ko ni wace ce? Shekara ashirin da huɗu suna buga mini hatimi, yau ne ba su san ko ni wace ce ba?"

"Sun ce ki zo da tsohon katinki na sansani, mai hoto. Kuma likitansu zai duba..."

Ta tsaya.

"Zai duba me?"

Ta ɗago ta kalle ni. Ba idona ta kalla ba, ƙasan idona na hagu ta kalla.

"Tabon."

Hannuna da kansa ya tafi ya rufe wurin.

Ta kashe keken. Ta jawo kujera kusa da ni.

"Yaya, tsakaninki da Allah, kin san abin da ke cikin littafin ɗanki?"

"Na sani mana. Ya faɗa mini. Labarin wata mata ne da ta yi tafiya."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Wata mata ta yi tafiya, ta sha wuya, ta isa. Me kuma?"

Ta miƙe ta ɗauko littafin daga saman kabad, wanda ni na ba ta da hannuna. Ta hure ƙura, ta buɗe tsakiya. Da harshen mutanen ƙasar nan ya rubuta shi, ni kuwa abin da na iya a harshen bai wuce na aiki da na shiga bas ba. An juya littafin zuwa harsuna shida, ban da nawa.

"Babi na tara," in ji ta. "Ni da na karanta na ɗauka ƙirƙira ce irin tasu ta marubuta. Har na ce yaron nan akwai kai. Bari in juya miki."

Ta fara, tana bi da yatsa.

"Matar ta aiki yarinyar ɗibar ruwa. Ta hura wuta, ta cusa bakin cokali a cikin garwashi har ya yi ja. Ta jingina katin ƙanwarta a jikin tukunya, kusa da guntun madubi. Ta auna da yatsa, daga ido zuwa ƙasa, faɗin yatsa ɗaya. Ta cusa gefen zaninta a baki ta cije..."

"Tsaya."

"Akwai saura."

"Na ce tsaya! Na san sauran."

Mai Ɗinki ta rufe littafin a hankali. Ta daɗe tana kallona.

"Innalillahi. Yaya. Gaskiya ne?"

To ku ma ku ji, tunda duniya ta riga ku ji.

Ba ni na haifi Babana ba. Ƙanwata ce ta haife shi, ta sa masa sunan mahaifinmu, shi ya sa ban taɓa kiran sunansa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekara biyu tsakaninmu, kama kuwa har mahaifiyarmu takan kira wannan da sunan waccan. Bambancinmu ɗaya ne. Ita tana da tabo a ƙasan idon hagu, tun tana ƙarama ta faɗi a kan bakin bokitin ƙarfe.

A sansanin gudun hijira sunanta ya fito cikin waɗanda za a kwashe zuwa ƙasar nan, ita da ɗanta, saboda mijinta ya rasu. Ni nawa bai fito ba. Saura wata biyu tafiya zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana biyar ta cika. Kafin ta cika ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, kada ki bari ya girma a nan."

In na kai rahoto cewa ita ta rasu, ko su soke tafiyar, ko su ɗauki yaro ɗan shekara biyar su miƙa wa mutanen da ban sani ba. Sai na ba da sunana aka rubuta a takardar gawa. Aka binne ta da sunana, na tashi da nata. Lokacin hoto kawai ake dubawa, ba a fara ɗaukar yatsa ba. Amma a jikin katin an rubuta alama: tabo a ƙasan idon hagu.

Sauran kun ji shi a babi na tara.

Mai Ɗinki ta goge idonta da ƙyallen da ke hannunta.

"To amma su mutanen ofis, wa ya kai musu? Littattafai nawa ake bugawa a ƙasar nan? Zama suke yi suna karantawa?"

Nan ne na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi tun daga tsakar kai.

Ni na kai.

Lokacin da aka ba shi lambar yabon, katan guda ya kawo mini gida. Hotonsa a baya, ya sa kwat, ya riƙe haɓa kamar mai ciwon haƙori. Murna ta hana ni zama. Na ba Mai Ɗinki ɗaya. Na ba shugabar aikinmu. Na ba likitan gwiwata. Har direban bas ɗin safe na ba.

Sai na tuna da Mai Tabarau, matar da ke teburi na huɗu a ofishin takardu. Sau uku ita ke sabunta mini takarda. Mace mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma kullum akwai littafi a kife kusa da kofin shayinta. Na ce wannan mai son karatu ce, bari ta ga abin da muka zama a ƙasarsu. Na naɗe littafin a takarda mai ƙyalli. Ba ma ranar zuwana ba ce. Na ɗauki lamba, na yi awa biyu a layi, don kawai in ba ta kyauta.

Na ce mata da guntun harshena, "Ɗana. Ya rubuta. Naki."

Ta yi murmushi har ta miƙe tsaye. Ni kuma don iyayi na buɗe mata shafin farko, na ɗora yatsa a kan layin da Babana ya nuna mini ya ce sunana ne.

"Mai Ɗinki, buɗe shafin farko. Me aka rubuta?"

"Yaya, bari."

"Ya ce mini an rubuta 'Ga Inna'. Kalma biyu ce. Na ga layin ya fi kalma biyu tsawo, amma ban kawo komai ba. Karanta."

Ta buɗe. Ta karanta.

"Ga Inna, wadda ta ɗauki tabon da ba nata ba."

A kan wannan layin na ɗora yatsana. A gaban ma'aikaciyar gwamnati. Ina washe baki, tabon yana fuskata, taku ɗaya tsakanina da tabaranta.

Na tafi aiki don ban san inda zan sa kaina ba. A wurin wankin asibiti nake, shekara ashirin da biyu, ni ke kan babban injin guga. Mu biyu muke kama bakin zanin gado mu miƙa masa, ya ja, ya fito ta baya a miƙe. Ko ido a rufe ina yi. Ranar sau uku ina saka zani a karkace yana cukuikuyewa. Duk wanda ya turo ƙofa sai in ga kamar ni aka zo ɗauka. Wani mai gyaran bututu ya shigo da baƙar riga, ban san lokacin da na ɓuya a bayan kwandon tawul ba.

A wannan ɗakin Babana ya fara rubutu. In an tashi daga makaranta nan yake zuwa ya jira ni, ya zauna a kan benci cikin tururi, yana rubutu a bayan takardun da ake liƙa wa buhunan wanki. Har dukansa na taɓa yi don ya ƙarar da su. Da ya girma ya samu aikin tantance wasiƙu a gidan waya, yana yi yana rubutunsa. Shekara bakwai kamfanonin buga littafi suna dawo masa da shi. Littafinsa na farko labarin wani mai gyaran agogo ne, na biyu na wani mai gadin gada. Waɗanda suka karanta su ba za su cika bas ɗaya ba. Ni ce mai cewa kada ka karaya, Babana, Allah na nan. Ni ce mai kai goshi ƙasa ina roƙon Allah ya sa a karanta ɗana.

To an karanta.

Ƙarfe biyu shugabar aiki ta ce in tafi gida, fuskata ba ta yi mata ba. Ban tafi gida ba. Na san ranar Babana yana babban laburare yana sa wa mutane hannu a littafi. Na hau bas da kayan aikina, da takalmin roba.

Zauren cike yake. Layi tun daga teburinsa har bakin ƙofa, kowa rungume da littafin. Ina shiga wata tsohuwa ta juyo ta kalle ni. Ta kalli fuskata. Ta taɓa ta kusa da ita, ta yi mata raɗa. Ita ma ta juyo. Sai wani ya ɗaga waya yana saita ni.

Jama'a, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da muka hau jirgi. Ɗaki guda na baƙi, ban san kowa ba, kowa ya san ni. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata.

Babana ya hango ni. Biron ya faɗi daga hannunsa. Ya taso da sauri ya kama hannuna, ya ja ni wani ɗan ɗaki a baya inda aka tara katan-katan da kujerun ninkewa. Ya rufe ƙofa.

"Inna, lafiya? Me ya fito da ke da kayan aiki?"

Na miƙa masa ambulan. Bai buɗe ba. Hatimin kawai ya kalla.

"Zauna, Inna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Mai Ɗinki ta karanta mini babi na tara."

Ya jingina da bango.

"Inna, ƙagaggen labari ne. Haka aka rubuta a bangon. Na canja sunaye, na canja ƙasar, yaron ma na mai da shi mace."

"Ka canja ido?"

Ya kau da kai.

"Da kai nake. Hagu ka rubuta ko dama?"

"Hagu."

"Ka iya mai da namiji mace, amma ido ya gagare ka ka mayar dama?"

"Na gwada, wallahi na gwada. Na rubuta dama. Na rubuta goshi. Na mai da shi ƙuna a hannu. Duk lokacin da na canja sai shafin ya mutu."

"Shafi ya mutu! Allah sarki. Sannu da jinya. To ga shi shafi ya tashi, ni kuma Alhamis za a duba fuskata kamar akuyar sayarwa."

"Inna..."

"Wa ya faɗa maka? Cikin mutanen layinmu na sansani wa ka samu? Faɗa mini sunan munafukin."

"Babu wanda ya faɗa mini."

"Ƙarya kake."

"Ban je ɗibar ruwan ba, Inna."

Na zuba masa ido.

"Kin ba ni galan kin ce in tafi famfo. Na zagaya bayan tanti na tsaya. Akwai inda ya yage. Na ga cokalin. Na ji ƙaurin. Na ga kin faɗi kina birgima, ba ki yi ƙara ba. Da kika tashi kika sake duba madubi, kika ga bai kai tsawon nata ba, kika mayar da cokalin wuta."

Wannan ko ni na manta da shi. Sau biyu na yi. Sai da ya faɗa na tuna.

"Shekarata biyar, Inna, ba wata biyar ba. Kin ɗauka na manta fuskarta? A layin jirgi wani jami'i ya tsuguna ya tambaye ni wace ce wannan, kika mintsine ni a cinya. Na ce uwata ce. Tun daga ranar ban sake jin kin ambace ta ba. Ko sau ɗaya."

"Kullum sai na yi mata addu'a."

"A zuci. Ni fa? Ba ni da kabarinta, ba ni da hotonta sai wanda kika kulle a akwati. In aka kira sunanta a asibiti ke ce ke amsawa. Littattafai biyu na rubuta ina kewaye maganar nan, duka biyun gawa ne. Wannan ne kaɗai wurin da na samu na ajiye uwata."

Yana faɗa yana kuka, ƙaton mutum da gemu, da kwat ɗinsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta karye. Saura kaɗan in jawo kansa in rungume. Sai wani ya taɓa ƙofar daga waje, na zabura har na buge katan. Tsoron ya dawo mini da hankalina.

"Shekara goma sha biyar muna kwana ɗaki ɗaya. Me ya hana ka tambaye ni?"

"Tsoronki nake ji."

"Da ka gama rubutawa, me ya hana ka karanta mini?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na san za ki hana."

"To ashe ka san abin da kake yi."

"Ban taɓa zaton zai kai ofishin ba. Wa zai haɗa? Mutum nawa ne masu tabo a ƙasar nan?"

"Ni na kai musu."

Ya ɗago.

"Na naɗe shi a takarda mai ƙyalli na kai wa Mai Tabarau. Na nuna mata shafin farko da yatsana. Layin da ka ce mini kalma biyu ne."

"Inna! Don me za ki..."

"Kada ka soma! Kada ka kuskura! Ka ɗauki katan guda ka dire wa matar da ba ta san alif ba, da hoton ɗanta a baya, ka ce ba ka zaci za ta raba ba? Da na samu tsani da na hau rufin asibiti na yi shela. Ka bar ni ina yawo gari da asirina a jaka ina raba wa mutane kyauta, kana kallo. Ranar da na ce maka na ba direban bas, dariya ka yi!"

Na nuna shi da yatsa na ci gaba.

"Bari in faɗa maka abin da ba ka rubuta ba. Kai takardarka gaskiya ce. Ɗanta ne kai, sunan uwarka ne a kai, babu mai taɓa ka. Ni ce ƙaryar. Shekarata sittin da ɗaya, gwiwa ɗaya ta ƙarfe ce, ƙwaya huɗu nake sha kullum. In sun kore ni ina za su kai ni? Can an rubuta na mutu. Akwai kabari da sunana. Wa zan je in ce wa ga ni?"

"Ba za su kore ki ba. Kamfanin da ya buga littafin yana da lauyoyi..."

"Lauyoyin littafi ne, ba nawa ba."

Na matsa kusa da shi. Na sassauta murya, don na ji kamar bangon ma yana saurare.

"Abu ɗaya na zo nema. Alhamis ka bi ni. Ka ce musu daga kanka ka ƙago. Ka ce ka tashi ka ga tabo a fuskar uwarka, ka ɗora masa labari don a saya. Ai ƙirƙira ce sana'arka, har lambar yabo aka ba ka. Yi mini guda ɗaya, Babana. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya buɗe baki zai yi magana.

Sai ƙofa ta buɗe. Matar kamfanin ce, doguwa mai jan baki, wadda ke bin sa duk inda za shi da jadawali a hannu. Ta gan ni ta dafa ƙirji, ta ce wai abin alfahari ne ta ga Inna da idonta. Ta miƙo hannu. Ban karɓa ba. Ta ga ambulan a hannunsa, fuskarta ta canja. Ta juya ta yi masa magana da sauri da harshensu, a zatonta ba na ji.

Ba na jin harshen littafi. Amma shekara ashirin da biyu ina karɓar umarni da shi. Na tsinci kalma uku: ofis, Juma'a, kada ka ƙara.

"Me ya faru ranar Juma'a?"

"Ba komai, Inna."

"Kada ka ƙara me? Me ka riga ka yi da za a ce kada ka ƙara?"

Ya kalli matar. Ya kalle ni. Ya sa hannu a aljihun kwat ɗinsa na ciki ya zaro ambulan mai ruwan ƙasa, irin nawa sak, sai dai nasa a buɗe yake, har ya yi laushi don ninkewa.

"Ni suka fara kira."



"Ka je?"

"Na je."

"Juma'a. Ranar Lahadi ka zo gidana, na dafa maka shayi, ka gyara mini ƙofar kabad, ka zauna muka yi hira har la'asar. Ba ka ce mini komai ba."

"Na kasa."

"Wa ka gani?"

"Ita. Mai Tabarau. Da wani mutum mai rubutawa. Littafin yana kan tebur. Sun sa ni na rantse, Inna. Sun ce in na yi ƙarya laifi ne da ake ɗaure mutum a kai."

"Me suka tambaye ka?"

"Tambaya ɗaya."

"Wace?"

"Ko ke kika haife ni."

Na kama gaban kwat ɗinsa da hannu biyu.

"Me ka ce?"

Daga zauren lasifika ta kira sunansa. Aka ɗauki tafi. Matar ta riƙe hannunsa tana nuna agogo.

"Babana, me ka ce musu?"

"Zan zo gida, Inna. Ina gamawa zan zo in yi miki bayani. Ki jira ni."

Ya zare yatsuna daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya. Ya fita. Tafin ya ƙaru.

Na fita ta ƙofar baya, ta wajen kwandunan shara, don kada a sake ɗaukar hotona.

Bai zo ba. Yau Laraba, rana ta kusa faɗuwa. Mai Ɗinki ta kira wayarsa sau goma sha ɗaya, a kashe. Da safe na je gidansa na buga har maƙwabcinsa ya leƙo ya ce bai kwana nan ba.

Ku duba inda ya ajiye ni. Gobe ƙarfe tara zan zauna a gaban matar nan, ni ma za a sa ni rantsuwa. In ya ce musu ni na haife shi, na je na faɗi gaskiya, na ɗaure shi da bakina. In ya ce musu ban haife shi ba, na je na rantse na haife shi, na ɗaure kaina. Ƙofa biyu ce, ban san wadda ya bi ba, kuma shi kaɗai ya sani.

Babana, na san kana nan. Mai Ɗinki ta ce sunanka yana cikin waɗanda suka buɗe shafin baya. Ba na son bayani, ba na son kuka, ba na son lauya. Ka iya zuba magana shafi ɗari uku don baƙi su tafa maka, ni kalma ɗaya nake bi. Ka kunna wayar nan, ko ka rubuta a ƙasan shafin nan a gaban kowa, Mai Ɗinki na zaune za ta karanta mini.

Da suka tambaye ka ko ni na haife ka, me ka ce musu?